BINDIGA BA TA SAN WASA BA: Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu na Utako

 



Kamar yadda mafi yawanmu suka sani, a zamanmu da ya wuce kwamitin biki ya kawo shawarar cewa a bikin da muke shiryawa bayan Sallah a gayyato 'yan bindiga daga gida, su zo su yi mana irin harbin nan da muka saba ji a ranar Hawa, domin 'ya'yanmu da aka haifa a nan Abuja su ga abin da iyayensu suka taso suna gani. Wasu suka ce a yi, wasu suka ce kul, har murya ta fara tashi. Daga nan ne dattawa suka ce mu 'yan kwamitin kasuwa mu je mu bincika, mu dawo wa jama'a da bayani. To, ga mu mun dawo. Mu ba sojoji ba ne, ba kuma lauyoyi ba, 'yan kasuwa ne masu ɗora kaya a tasha su sauke a rumfa. Amma mun tambayi waɗanda suka sani, mun sa an karanta mana doka, mun kuma haɗa da abin da idonmu ya gani cikin shekara hamsin da 'yan kai. Muna roƙon a ba mu aron kunnuwa.

BA BAƘUWARMU BA CE

Da farko dai, masu son a kawo 'yan bindiga suna da gaskiyarsu. Bindiga ta daɗe a ƙasarmu. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ana shigo da bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. A Barno ma tun kafin nan Mai Idris Alooma yana da nasa 'yan bindigar da Turkawa suka horar. A Damagaram kuwa, a zamanin Sarki Tanimu, har igwa ake ƙerawa a Zinder. Saboda haka ne har yau a fadojinmu akwai sarautar Sarkin Bindiga, kamar yadda maharba suke da Sarkin Baka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko a Kangiwa ta Katsina, ko a ƙofar fadar Zazzau, ya san yadda jiki yake tsuma idan 'yan bindiga suka saki wuta, hayaƙi ya turnuƙe, tambari ya amsa. Da wannan aka tarbi Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da shi aka yi babban hawan FESTAC a Kaduna a 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Haka ma ba mu kaɗai ba ne. A Maroko suna da irin nasu da suke kira Tabburida, inda mahaya suke jeruwa su yi sukuwa, su harba bindigogin albarushi a lokaci guda kamar harbi ɗaya, kuma tun 2021 aka sa nasu cikin wannan jeri.

Amma fa mu lura da abu guda. A Kano ko Katsina ko Maroko, ba kowane mai bindiga ne yake harbi lokacin da ya ga dama ba. Akwai babba, kuma sai ya ba da alama. A Maroko shugaban sahu ne yake kiran harbi. A fadojinmu Sarkin Bindiga ne yake da yaransa, ya san kowa, ya san bindigar kowa. Wato abin da ya sa al'adar ta yi kyau shi ne tsarin da ke bayanta. In muka ɗauko ƙarar muka baro tsarin a gida, to mun ɗauko wuta ne mun bar ruwa.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Jama'a, bari mu ba ku wani labari, ba za mu faɗi gari ko suna ba domin mutanen suna nan da ransu. Shekarun baya mun je ɗaurin auren ɗan wani abokin cinikinmu a ƙauyensu. Bayan an shafa fatiha sai maharba suka fara harbin murna. Wani saurayi ya ɗana bindigarsa, ya ja kunama, ta ƙi tashi. Mutane suka yi masa dariya, kun san halin samari da kunya. Maimakon ya bar bakinta a sama ya jira, sai ya sauko da ita yana jujjuyawa yana duba abin da ya hana ta. A nan ta tashi. Babu dalma a ciki, albarushi ne kawai da tsumma, amma yaron da ke tsaye kusa da shi, ɗan shekara kamar goma, har yau da ido ɗaya yake gani. Tuwon biki a tukunya ya kwana, mota da aka yi wa ado don ɗaukar amarya ita ta kai yaron asibiti. Kowa yana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi tukuna sannan mu yi tawakkali.

Maƙera da tsofaffin maharba da muka zauna da su sun lissafa mana hanyoyin da bindigar toka take cin mai ita. Na ɗaya shi ne wannan jinkirin tashi, wuta ta kama amma tana ci a hankali. Maganinsa shi ne a riƙe bakinta inda babu mutum, a jira aƙalla minti guda cikakke, kada a leƙa, kada a juya. Na biyu, garwashin da yake saura a cikin bututu bayan an harba. In mutum ya yi gaggawar ɗura sabon albarushi kai tsaye daga gora, wutar sai ta biyo ta shiga gorar, ta tashi a hannunsa. Don haka da ma'auni ake zubawa, gora tana rufe can gefe, kuma fuska ba ta zuwa saitin bakin bindiga. Na uku, ɗuri biyu. Cikin hayaniya mutum bai san tasa ba ta tashi ba, ya ƙara wani ɗurin a kan na farko, bututu ya tsage. Masu hankali suna yi wa sandar ɗuri alama, da sun zura sun san ko akwai abu a ciki. Na huɗu, a manta sandar a ciki, ta fita kamar mashi. Na biyar, haɗamar ƙara, wato a cika albarushi fiye da ƙima don a ce ta wane ta fi amo, ko a farke harsashin zamani a zuba garinsa a ciki, alhali kuwa ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututun da maƙeri ya yi da bututun ruwa.

Kada kuma wani ya ce ai babu harsashi a ciki. Yawancinmu mun kalli finafinan Bruce Lee a sinima muna samari. To ɗansa, Brandon Lee, a 1993 bindigar wasan kwaikwayo ce ta kashe shi ana cikin ɗaukar fim, domin wani kan harsashi ya maƙale a bututu ba wanda ya duba, da aka harba na ƙarya sai ya tunkuɗo shi. A 2021 ma an sake irin haka a Amurka, ɗan wasa Alec Baldwin yana riƙe da bindigar da aka ce masa babu komai a ciki, ta tashi ta kashe matar da ke ɗaukar hoto, Halyna Hutchins, kuma a 2024 kotu ta ɗaure wadda aka ɗora wa kula da makaman wurin. In masu kuɗi da kayan aiki irin waɗannan sun yi sakaci an rasa rai, ina ga mu? Shi kuma mai harba harsashi sama, ya tuna duk abin da ya hau sai ya sauko, kuma ba ya zaɓen kan da zai faɗa wa.

YADDA MASU WASAN HARBI SUKE YI

Harbi wasa ne da duniya ta sani, yana cikin wasannin Olamfik tun da aka farfaɗo da su a birnin Atina a 1896. A Jamus, birnin Hanoba yana da bikin maharba da ya haura shekara ɗari huɗu ana yi. Mutane da yawa suke taruwa da bindigogi, amma da wuya ka ji an harbi wani. Me ya sa? Saboda a kowane filin harbi akwai mutum guda da aikinsa kawai shi ne tsare lafiyar jama'a. Shi ba ya harbi, ba ya neman kyauta, idonsa yana kan hannayen mutane. Mu kira shi Sarkin Fili, don mu fahimci juna.

Ga yadda aikinsa yake. Kafin a fara, shi zai duba wurin, ya tabbatar akwai tudu ko bango mai tare harsashi a bayan abin da za a harba, ya sa a ɗaga jar tuta don kowa ya san ana harbi. Zai tara maharba ya karanta musu ƙa'ida, ko da mutum ya shekara talatin yana zuwa. Akwai layi da aka ja, daga nan kaɗai ake harbi, 'yan kallo suna baya. Ba mai sa harsashi sai ya ce a sa, ba mai harbi sai ya ce a fara. In ya ce a tsaya, ko yatsanka yana kan kunama sai ka cire. Bugu da ƙari, kalmar nan ta "a tsaya" ba tasa ce shi kaɗai ba, ko yaro ne ya hango akuya ko mutum ya shigo fili yana da ikon ɗaga murya, kuma dole kowa ya bi. Idan za a je duba allon da aka harba, sai an buɗe kowace bindiga an fitar da harsashi, an zura wata 'yar alama mai launi a cikinta da ke nuna babu komai, an ajiye ta, sannan ba mai taɓa ta har sai mutum na ƙarshe ya dawo. Ana toshe kunne, ana sa tabarau, domin ƙarar bindiga tana kashe ji a hankali. Wanda aka ji warin giya ko alamar ƙwaya a jikinsa ba ya shiga. Wanda ya karya doka kuwa, ko shi ne ya gina filin, Sarkin Fili yana da ikon fitar da shi.

Sun kuma tattara hikimar cikin ƙa'idoji huɗu da kowane ɗan koyo yake haddacewa. Ka ɗauki kowace bindiga a kan cewa a ɗure take. Kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka son hallakawa. Kada yatsanka ya hau kunama sai ka yi niyyar harbi. Ka san abin da kake hari, ka kuma san abin da ke bayansa.

Da aka karanta mana waɗannan sai muka ce ashe ba sabon karatu ba ne. Tun muna Islamiyya malamanmu sun koya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa ne, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannunsa. Ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya soki wani. Ya hana a miƙa wa mutum takobi a zare. Har ma Abdullahi ɗan Umar, da tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina lokacin aikin Hajji, ya ɗora laifin a kan Hajjaju, saboda shi ya bari aka shigo da makami a wuri da ranar da ba a ɗaukarsa. Kun ga ke nan shugaban da ya ba da izini yana da nasa kason. Wannan magana ta shafe mu, mu da za mu sa hannu a takardar gayyata.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

Dokar bindigogi ta Nijeriya tun 1959 aka yi ta, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu wato fistol. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. A lura, ko fistol ɗin maƙera ce a nan take. Kashi na biyu su ne irin na farauta na zamani, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, har da bindigar iska da wasu suke saya wa yara don harbin tsuntsu. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka ko harba-ka-ruga, kuma al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha. Tun da jiha-jiha ne, kada wanda ya karɓi takarda a Katsina ko Jigawa ya ɗauka ya gama da Abuja, sai ya ji daga bakin rundunar 'yan sandan nan.

Lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Mai lasisi shi ke da alhakin adana bindigarsa, in ta ɓata ko an sace ya sanar cikin kwana 14. Ga kuma wadda yawancinmu ba mu sani ba: in mai lasisi ya rasu, magada kwana 14 kawai doka ta ba su su riƙe ta. Saboda haka bindigar baba da ke rataye a ɗaki shekara da shekaru ba gado ba ce kamar gona, lasisin ya bi mai shi. Katin ƙungiyar maharba ko na 'yan banga shi ma shaida ce ta ƙungiya, ba lasisi ba ne.

Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne. Riƙe haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, ta kashi na biyu ba lasisi yana kaiwa shekara biyar. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984 da ake gurfanar da mutane a ƙarƙashinta kan riƙe bindiga ba izini, ita ma tana maganar shekara 10. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. A 2021 gwamnati ta kafa cibiya ta musamman mai yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, aka kuma sa hannu a dokarta a 2024. Yarjejeniyar ƙasashen ECOWAS kan ƙananan makamai ma a nan Abuja aka sa mata hannu a 2006. Duk wanda ya zo maka a tasha ya ce kawo kuɗi ya yi maka lasisi ta bayan gida, to gidan yari yake sayar maka.

HANYA TA FI FILI HATSARI

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damunmu, wato ɗauko bindiga daga wani gari zuwa wani. Ba mu manta ba, kuma ba za mu manta ba, abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, ana sauran 'yan kwanaki Sallah ƙarama. 'Yan'uwanmu mafarauta ne suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano a cikin babbar mota. 'Yan banga suka tare su, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a suka kashe mutum 16, da dama daga cikinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, ba abin da zai wanke waɗanda suka aikata shi, ko da laifi ake zargin mutum da shi hukuma ake kai shi. Har Gwamna Monday Okpebholo sai da ya taka zuwa Kano ya yi ta'aziyya. Amma ta'aziyya ba ta dawo da uba ga marayu. Darasin da muka ɗauka shi ne, a wannan zamani bindiga a cikin mota ba ta iya yin bayanin kanta, kuma mai tsoro ba ya tsayawa karanta takarda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu dubi inda muke zaune. Utako unguwar tashoshi ce, motocin Legas da Fatakwal da Inugu da Jos daga nan suke tashi, ga tashar Jabi a maƙwabta. Da yawa daga cikinmu direbobi ne, ko 'yan kamasho, ko masu lodi. Garin nan kuwa tun bam ɗin tashar Nyanya na Afrilun 2014, da harin jirgin ƙasan Kaduna na Maris 2022, jami'an tsaro ba sa ɗaukar maganar makami da sauƙi. Daga Zuba zuwa Kaduna shinge nawa ne? In aka buɗe buhu aka ga baƙin ƙarfe, ba mai buhun kaɗai za a kama ba, har direba da yaron mota da wanda ya rubuta rasit. Kuma gobe ba za a ce wane aka kama ba, cewa za a yi Hausawan Utako ne.

A ƙasashen da ake wasan harbi, ƙa'idar tafiya a bayyane take. Bindiga ba ta tafiya a ɗure. Ana sa ta a akwati mai kwaɗo, a ajiye a but, ba a kan kujera ba. Harsashi yana tafiya a wani mazubi dabam. Lasisi da takardar gayyata suna jikin mai ita. Daga gida sai fili, daga fili sai gida, ba a biyawa kasuwa a bar mota a buɗe. A jirgin sama kuwa sai ka sanar tun a wurin awon kaya, ba ta shiga inda fasinja suke, harsashi kada ya wuce kilo biyar, albarushi kuwa sam ba a ɗaukarsa. In an tsayar da kai a shinge, hannunka yana kan sitiyari, kai za ka fara faɗa da bakinka cewa akwai bindiga a baya ga takardunta, kada ka kai hannu wurinta.

SHAWARARMU

To jama'a, ga abin da muka kawo, taro ne zai yanke.

Na ɗaya, a bikin bana kada a yi harbi a cikin Utako. Gidajenmu a cushe suke, ga rumfuna, ga janareto da jarkokin fetur, ga otal-otal da ofisoshi kewaye da mu. Ƙara guda za ta sa kasuwa ta watse, a tattake yara, kafin mu yi bayani motocin 'yan sanda sun cika layi. A kawo kalangu da algaita da kakaki, a kawo 'yan tauri su yi wasa, wannan ma gida ne.

Na biyu, yaran da muke so su ga 'yan bindiga, ƙungiya ta ɗauki mota ta kai su inda abin yake da masu shi. Ga Suleja nan kusa, ga Keffi, ga Zariya ga mai iya nisa. Gara mu kai yaro wurin al'ada da mu ɗauko bindiga mu ratsa shinge da ita.

Na uku, in wata shekara taro ya nace sai an yi, to sai da sharuɗɗa. A rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda na Abuja ta hannun DPO namu, a karɓi amsa a rubuce. A gayyato ta hannun fada, Sarkin Bindiga ya zo da mutanensa da sunayensu da adadin bindigoginsu, a ƙirga da shigowa a ƙirga da fita. A nemi fili a bayan gari, a ja igiya tsakanin maharba da 'yan kallo. A naɗa Sarkin Fili mutum guda wanda maganarsa ta fi ta shugaban ƙungiya a wannan rana. A tanadi mota da ma'aikacin lafiya. A sanar da maƙwabtanmu tun da wuri. In ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi.

Na huɗu, 'yan'uwanmu na tasha, kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko na wa ne. Mai jin haushin an buɗe kayansa ya nemi wata motar.

Na biyar, duk wanda ya san yana da bindigar gado a ɗaki, ya samu dattawa a asirce, a raka shi a miƙa ta ga hukuma ta hanyar da ta dace, tun kafin yaro ya ɗauko ta yana wasa ko wani ya kai tsegumi.

Na shida, matasanmu masu zuwa farauta da rani, ku yi rajista da shugabanninku, ku sanar da mai garin da za ku shiga dajinsa da 'yan sandan yankin, kada ku yi tafiyar dare da makami a motar haya.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu tuna yadda muka zo nan. An yi dokar kafa Abuja a 1976 zamanin Janar Murtala, gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, mu kuma muka biyo da 'yan tireda da baro da buhunan hatsi. Mun tarar da Gbagyi masu ƙasa suka karɓe mu, muna zaune da Ibo da Yarbawa da Tibi da sauransu, muna cin arzikin juna. Jarin da ya fi kowane jari a wurin baƙo shi ne a ce ba a taɓa jin abin tsoro daga gare shi ba. Shekara da shekaru muka yi muna tara wannan jari, kada mu ƙone shi da albarushin minti biyar. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya ba mu ladansa baki ɗaya, inda muka yi kuskure malamai da masana da ke nan su gyara mana. Wanda kuma maganarmu ta sosa wa rai, musamman 'yan kwamitin biki da suka yi ta wahala, muna neman afuwa, niyyarmu da tasu ɗaya ce. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya ba ƙasarmu lafiya, ya kai mu Sallah da rai da imani.